Kwatar Ƙofarmu

Mahaifiyata ta tsufa tana sayar da busasshen kifin tafkin Kainji a kasuwar Yelwa, kuma kowace ranar kasuwa sai ta yanki rasitin ƙaramar hukuma. Ni kuwa ma'aji ne a wata ƙungiyar kula da marayu, wadda doka ta yafe wa haraji. Da damina ta cushe kwatar ƙofarmu, na zauna jiran ma'aikatan tsafta ina ta ƙorafi.

Inna ta ce, "Ɗan nan, da kuɗin wa za su zo?"

A taronmu na gaba na nemi mu ware wani kaso domin tsaftar unguwa. Dattawa suka ce haƙƙin maraya wuta ne, kuma ba su yi ƙarya ba. Har yau muna muhawara. Kwatar dai, daga aljihuna na biya aka yashe.