Gidan Kwalin Da Na Zubar A Bola

Mai karatu, bari in fara da laifina kafin in kai ka ƙasar Turawa. Wata ranar Asabar na dawo gida a gajiye, sai na tarar da 'yata, lokacin tana shekara 11, ta baje kwalaye a tsakar gida. Kwana uku ke nan tana fama da su. Ashe gidan Bilbo take ginawa, ɗan gajeren mutumin nan na fim ɗin The Lord of the Rings da Peter Jackson ya fitar a 2001, wanda muka kalla tare. Ta yanke ƙofa zagayayya ta shafa mata kore, ta yi tebur da murfin kwalba, ta jera itacen girki da tsinken ashana. Jarrabawa kuwa saura mako guda. Ban tsaya dubawa ba, na tattara na kai bola. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Baba, saura rijiya fa."

Wannan magana ta daɗe tana cina. Na kalli fim ɗin ya fi sau biyar, na karanta The Hobbit da Tolkien ya wallafa a 1937, amma ban taɓa tambayar kaina inda mai gidan yake samun ruwa ba. Ita ta tambaya, domin mai gini ba ya iya tsallake abin da mai kallo yake tsallakewa. Marubuci zai ce "ya shiga ɗaki" ya wuce abinsa. Wanda zai gina ɗakin kuwa sai ya san ina taga take, ina murhu, me aka rataya a bango. Ka ga ashe karatu take yi, ni kuma na ɗauka ɓarnar gam ce.

Daga baya ne na gano cewa abin nan da na raina sana'a ce babba mai ƙa'ida. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne inci 1 a madadin ƙafa 1, wato ƙofa mai tsawon ƙafa 7 sai ta koma inci 7. Da wannan ma'auni aka gina wa Sarauniya Mary ta Ingila ɗan gidanta da aka kammala a 1924, wanda ke fadar Windsor. Yana da lantarki da famfo mai zubo ruwa, kuma marubuta irin su Rudyard Kipling da Conan Doyle sun ba da rubutunsu don 'yan mitsi-mitsin littattafan da ke cikinsa.

Amma wanda ya fi shafarmu mu masu son fim shi ne na Colleen Moore, tauraruwar Amurka a zamanin finafinan da ba a magana. A 1928 ta fara gina wata 'yar fada ta tatsuniya, ta ɗauko masu tsara dandalin fim suka yi mata aikin. Kowane ɗaki da labarin da yake tunatarwa, har da teburin Sarki Arthur a ɗakin cin abinci. Daga 1935 zuwa 1939 aka zaga da fadar biranen Amurka, ta tara sama da dala 650,000 don taimakon yara. Tun 1949 tana gidan adana kayan kimiyya da masana'antu na Chicago. Kai, wasan 'yar tsana fa!

To, su kansu finafinan da ke ruɗa mu fa? Makarantar Hogwarts da kake gani a finafinan farko na Harry Potter, mai hasumiyoyi kamar za su taɓo gajimare, in an nuno ta daga nesa ƙaramin gini ne aka ɗauka. Inci 1 aka yi a madadin ƙafa 2, faɗinsa kusan ƙafa 50, da 'yan fitilu sama da 2,500 a ciki. Yana nan a sutudiyon Leavesden kusa da Landan. Farin birnin Minas Tirith ma haka kamfanin Weta ya gina shi a New Zealand. Wato yarinyar da ta ga fim ta koma ta gina shi da kwali, ba tare da ta sani ba ta mayar da abin inda ya fito.

Nan ne abin ya ƙara yi mini zafi. Sau nawa ka ji furodusa ya ce ba za a iya fim ɗin Ruwan Bagaja ko Iliya Ɗan Maiƙarfi ba saboda babu kuɗin gina fada? Kuɗi matsala ce, ban musa ba. Amma ina hannun da zai gina? Mu da muka tashi muna ƙera mota da kara da langa-langa, 'yan mata suna yi wa 'yar tsana ɗaki da yumɓu har da jeren kwanuka, wa ya taɓa ce mana wannan hanyar abinci ce? Duka muka sha, muka daina. Ni kuma da na girma sai na maimaita abin da aka yi mini.

Shekara biyu bayan haka na sayo gam da almakashi, na haɗa da Magana Jari Ce na miƙa mata. Na ce ta gina mini fadar Sarki Abdurrahman, da inda aku yake zama yana ba Musa labari. Ta karɓi littafin, ta bar mini gam ɗin. "Baba, ai na girma," in ji ta.

Yanzu ni nake ginawa, da dare in an kawo wuta. Zauren ya karkace, soron ya faɗi sau biyu. Takan leƙo ta wuce ba ta ce komai. Sai shekaranjiya ta tsaya, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ina dawakai za su sha ruwa?"

Mai karatu, in ka koma gida yau ka tarar da kwali a tsakar gida, don Allah ka durƙusa ka leƙa ta ƙofar tukuna.