Sunana A Kan Aikin Da Ba Nawa Ba

Da Edita ya aiko mini in rubuta wani abu a wannan fili namu na Hausa, na daɗe ina juya alƙalami. Da fari na yi nufin in yi magana a kan ladabi, ko tattalin lokaci, irin abin da muka saba gaya wa ɗalibai. Daga baya na ga ya fi amfani in ba da labarin wani kuskure da na yi da kaina, ko da ya ke faɗinsa da nauyi. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kowa ya sani malamin kwaleji ba ya samun ƙarin girma da koyarwa kaɗai, sai ya kawo takardun da ya buga a mujallun masana. Saboda 'yan ajin farko, bari in yi ɗan bayani. Waɗannan mujallu ba kamar jarida su ke ba. In mutum ya yi bincike ya gano wani abu, sai ya rubuta yadda ya yi da abin da ya samu, ya aika wa editan mujalla. Shi kuwa edita ba ya bugawa sai ya miƙa wa masana biyu ko uku na wannan fanni sun tace, sun nuna inda aka yi daidai da inda aka kauce. Sau da yawa a kan ɓoye sunayen masu tacewar, wani lokaci har da na mai rubutun, don kada sanayya ko ƙiyayya ta shiga. Buga irin waɗannan mujallu tsohuwar al'ada ce. Tun 1665 Henry Oldenburg ya fara fid da Philosophical Transactions a birnin Landan, har yau kuwa ana buga ta. Amma duk ginin nan bisa amana ya ke tsaye, domin edita bai ga aikin da idonsa ba, sunan da ke kan takarda ya gaskata.

To, a wata kwaleji da na koyar kafin in zo nan, lokacin duba takardun ƙarin girma ya matso, ni kuwa saura takarda ɗaya in cika sharaɗi. Ina cikin wannan damuwa sai wani abokin aikina ya same ni a ofis, ya ce, "Malam, me zai hana ka barci? Ina da takarda a shirye. In sa sunanka, mu raba kuɗin bugawa, gobe in ka rubuta taka kai ma ka sa nawa." Na tambaye shi a kan me ta ke. Ya ce a kan yadda yaran Sabo, watau unguwar Hausawa ta wancan gari, ke koyon karatu, su da ke jin Hausa a gida, Yarabanci a kasuwa, Turanci a makaranta. Na ce a raina ai wannan fannina ne. Ban ce ya ba ni in karanta ba, ban tambayi wa ya je Sabo ba, ban tambayi yara nawa aka gwada ba. Na ƙirga rabona na ba shi. Ba a yi mako biyu ba takarda ta fito, ga sunana na biyu.

Saurin nan kaɗai ya isa ya farkar da ni, don mujallar kirki ta kan yi watanni tana tacewa. Akwai waɗanda aka kafa don kuɗi kurum, duk abin da ka aika su buga muddin ka biya. A 2013 wani ɗan jarida mai ilmin kimiyya, John Bohannon, ya gwada su. Ya shirya takardar ƙarya a kan wai an samu maganin ciwon daji, ya cika ta da kurakurai da gangan, ya ƙaga sunayen marubuta da na makarantu, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa za su buga, 98 kaɗai suka ƙi. Ya bayyana wannan a mujallar Science. Na san labarin nan sarai a lokacin, amma kwaɗayi mabuɗin wahala, na rufe ido.

Bayan 'yan watanni, ran nan da hantsi, wata tsohuwar ɗalibarmu ta yi sallama a ofishina. Ta gama karatu, tana koyarwa a wata makarantar firamare. Ta durƙusa ta gaishe ni, sa'an nan ta fito da abu biyu daga jaka ta ajiye bisa tebur. Ɗaya kundin binciken da ta rubuta a shekararta ta ƙarshe ne, ɗaya kuwa takardar nan tamu. Ta ce, "Allah gafarta Malam, ba ƙara na kawo ba. Tambaya ce. Kai ka koya mana cewa in mun ɗauki ko jimla ɗaya ta wani mu faɗi mai ita. Shi ne na zo in ji ko dokar ta sake."

Na buɗe su gefe da gefe. Kalma bayan kalma, aikinta ne. Ita ta yi ta zirga-zirga zuwa Sabo da kuɗin motarta, ita ta zauna da yara a zaure tana sauraron yadda su ke rikita harafin p da f. Har wani kuskuren rubutu da ta yi a shafi na uku yana nan a tamu. Abu ɗaya aka sake: yawan yaran da ta gwada an ninka shi, don aikin ya yi kama da babba. Sunanta kuwa babu shi ko a wurin godiya. Ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba. Na rasa abin da zan ce, sai na ce ta ba ni kwana uku.

Daren nan ban runtsa ba. Zuciya ta yi ta kawo mini uzuri: ai ba kai ka sata ba, ai ba ka sani ba, ai suna kawai ka ba da. Wannan "suna kawai" shi ya tuna mini da abin da ya faru a Ingila. A 1998 mujallar likitoci mai suna The Lancet ta buga wata takarda ta Andrew Wakefield da abokan aikinsa, su 13 ne duka. Yara 12 kaɗai aka duba, amma aka jefa zato cewa allurar rigakafin ƙyanda da hangum tana da hannu a wata larurar ƙwaƙwalwa wadda ke hana yaro sakewa da mutane. Iyaye suka tsorata. Yawan yaran da a ke yi wa allurar a Ingila ya faɗo daga wajen 92 cikin 100 zuwa wajen 80, ƙyanda ta dawo, har ta yi kisa a 2006. Wani ɗan jarida, Brian Deer, ya bi diddigi ya tono cewa Wakefield ya karɓi kuɗi ta hannun lauya mai shirin kai masu yin allurar ƙara, bai kuwa faɗa wa mujallar ba. A 2004 mutum 10 cikin marubutan suka fito suka janye fassarar da aka yi wa binciken. A 2010 mujallar ta soke takardar ɗungum, hukumar likitoci kuma ta cire sunan Wakefield daga rajista. Bincike mai yawa da aka yi a kan dubban yara bai sami wata alaƙa tsakanin allurar da larurar ba. Amma shekara 12 ke nan takardar tana yawo, kuma yawan sunayen da ke kanta na cikin abin da ya ba ta kwarjini.

Na san tawa ba ta kai wannan ba, ba wanda zai mutu saboda ita. Amma na tambayi kaina: in wani malami ya karanta, ya gaskata adadin ƙaryan nan, ya gina darasinsa a kai, wa ya cuce shi? Shi bai san abokina ba, ni ya sani. Sa suna a takarda shaida ce, kamar mutum ya tsaya gaban alƙali ya ce na gani. Ni kuwa na yi shaidar abin da ban gani ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Da gari ya waye na sami abokin nawa. Ya yi dariya ya ce kowa haka ya ke yi, kuma ai shi ya duba kundin, saboda haka yana da haƙƙi. Na ce duba aikin ɗalibi aikinmu ne da a ke biyanmu albashi dominsa, ba ya mai da guminsa namu. Muka rabu ba daɗi, har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Na rubuta wa editan mujallar cewa a soke takardar, na faɗi dalili. Sau uku ina rubutawa, ko amsa ban samu ba. Sai na je wurin kwamitin ƙarin girma na zare ta daga cikin takarduna, na gaya musu gaskiya. Shekarar nan ta wuce ni, waɗanda muka fara aiki tare suka shige gabana. Ba zan ce abin bai yi mini zafi ba.

Ɗalibar kuwa na je har makarantarsu na roƙi gafararta. Daga baya muka zauna, ta gyara aikinta da adadinsa na gaskiya, ta aika wa wata mujallar da ke tacewa. Sau biyu suna komo mata da shi da gyara, sai da ya kusa shekara kafin ya fito. Sunanta kaɗai ke kai, don nata ne.

'Yan'uwana malamai, kada mu sa suna a abin da ba mu yi aiki a kansa ba, kada mu karɓi sunan da aka ba mu kyauta. In mun ga mujalla tana gaggawar karɓar kuɗi fiye da gaggawar gyara, mu guje ta. In an ba mu aikin wani mu tace, mu riƙe sirrinsa, kada mu ɗebi abin ciki, kada kuma mu danne shi don hassada. In adadi ya fito ƙarami, mu bar shi ƙarami. Ku kuma ɗalibai, ku adana kundinku da takardun da kuka tara, ku san cewa guminku naku ne. Gobe ku ne za ku tsaya gaban yaran da ba su da ikon bincika abin da kuka faɗa musu, sai dai su gaskata. Wanda ya saba kwafe aikin wani a nan, da wane baki zai hana yaro leƙa takardar maƙwabcinsa?

Har yanzu takardar nan tana intanet da sunana a kai, na kasa goge ta. Na kan nuna wa 'yan ajin ƙarshe ita kowace shekara kafin su fara bincikensu. Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.