Baƙuncin Gungawa a Tsakiyar Kwara

Daga Jega zuwa Koko ƙasa a bushe take ƙayau a watan Janairu. An gama girbi, shanu na bin gonaki suna kalar abin da ya saura, hazo kuma ya rufe gari har direba ba ya kashe fitila da rana. Haka muka ratsa ƙasar Shanga, leɓe a tsage, ƙura har cikin kunne. Shi ya sa da na sauka Yelwan Yauri na gangara bakin ruwa, abin ya ɗaure mini kai. Kwara ta cika maƙil, tana lasar gindin rumfunan masu kifi, alhali rabon sama da ta zubo ko ɗigo tun watan Oktoba.

Mutanen nan sun san dalili tun suna goye. Cika biyu kogin yake yi a shekara. Akwai farin ruwa, wanda daminarmu ta nan kusa take kawowa wajen Agusta zuwa Oktoba, ya zo da laka da tarkace. Sannan akwai baƙin ruwa, shi ne wanda na tarar. Ruwan sama ne da ya sauka can duwatsun ƙasar Gini, ya bi ta Mali, ya bazu cikin fadamun da ke tsakanin Mopti da Tumbutu, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, lakarsa duk ta kwanta a hanya. Kafin ya wuce Yamai ya iso Yauri ya tace, ya yi duhu-duhu, kana iya hango yatsun ƙafarka a ciki.

Wani abokin karatuna, ɗan Gungawa, shi ya daɗe yana cewa in je in gaida mahaifinsa a gungunsu. Ni kuma na sha karanta labarin masu kuɗin duniya da ke zuwa tsibiran da aman wutar duwatsu ya haifar a tsakiyar teku, irin su Hawayi, ko Sao Tome da Biyoko da ke nan kusa da mu, su biya kuɗi mai kauri don su kwana a bukkar katako da babu lantarkin gwamnati, babu famfo, babu hayaniyar mota. Tsibiran Yauri ba wuta ce ta haife su ba, galibinsu laka ce da yashi da ɗan dutse nan da can. Amma kwanan duhun iri ɗaya ne, sai na ce bari in je in ga yadda yake a wurin waɗanda ba hutu ne ya kai su ba.

Kwale-kwale mai inji muka shiga bayan azahar, mu da mata masu dawowa daga cefane, da jarkokin fetur, da buhun gishiri, da akuya guda da aka ɗaure wa ƙafafu. Mai jirgin saurayi ne, amma ba ya miƙe hanya. Sai ya karkata dama, ya dawo hagu, a wurin da ni ban ga komai ba sai shimfiɗaɗɗen ruwa. Da na tambaya ya ce, "Malam, akwai kututture a nan. Da can tudu ne." Itatuwan da ruwa ya haɗiye suna nan a tsaye a ƙasa, kuma kowane mai jirgi ya haddace mazauninsu. Rigar ceto kuwa ƙalilan ce a jirgin. Babu wanda ya yi maganar, amma ba mai shiga ruwan nan da ya manta da watan Mayun 2021, lokacin da wani jirgi maƙare da mutane ya nutse kusa da Wara a ƙasar Ngaski, gidaje da yawa suka wayi gari da makoki.

Mahaifin abokina yana bakin gaɓa yana jiranmu, dogon dattijo, kafaɗunsa har yanzu na wanda ya yi kokawa a ƙuruciya.

"Baba, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Ya ruwa? Ya gajiya? Sauko a hankali, lakar na da santsi."

Ya juya ya yi wa yara magana da harshensu na Reshe, suka kwashe kayana a guje.

Masaukina ɗakin laka ne zagayayye mai jinka, a gefen gidan, ƙofarsa na kallon gabas. A ciki akwai gadon kara da katifa, gidan sauro, tabarma, buta, da randa da aka rufe da faifai. Ruwan randar daga kogi aka ɗebo shi tun safe aka bar shi ya kwanta. Babu makunnin wuta a bango, babu waya da ta ratso ta sama. Lantarkin gidan gaba ɗaya faifan sola guda ne, bai fi farantin tuwo girma ba, an jingine shi a kan jinkar rumbu da dutse a bayansa don kada iska ta tafi da shi. Daga shi wata siririyar waya ta sauko zuwa tsohon batirin mota a cikin zaure. Wani jikan Baba, yaro ɗan shekara goma sha wani abu, shi ne mai kula da shi. Da safe yakan hau ya goge ƙurar hunturu da hannun rigarsa, da rana ya juya shi ya bi rana. Da yamma wayoyin maƙwabta su yi layi a kan tabarma, kowacce an ɗaura mata zare ko tsumma don a gane mai ita. Yaron ya san wadda za a fara sa wa, ta mai jiran kiran dillalin albasa, sannan ta mai ɗa a makaranta a Birnin Kebbi. Tawa ya karɓa da hannu biyu ya sa ta a gaba saboda ni baƙo ne, na roƙe shi ya mayar da ita baya.

Da magariba Inna, uwar gidan, ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kurungu, da soyayyar karfasa a gefe, kifin da ɗazu-ɗazu yake ruwa. Bayan isha sai duhu ya sauko, irin wanda ɗan birni ya manta akwai shi. Can nesa fitilun masunta na motsi a kan ruwa. Muka zauna gindin wuta saboda sanyi, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, Baba na gyaran koma da hannu ba tare da ya duba ba. Tsakar dare wani gurnani mai nauyi ya tashe ni, har cikin ƙirji na ji shi. Da asuba na ba da labari aka ce dorina ce, tana yawan fitowa ta ɓangaren shinkafa, kuma ba a wasa da ita, don ta sha kifar da jirage a wannan yanki. Ban da wannan, barcin da na yi a ɗakin nan na daɗe ban yi irinsa ba. Masu biyan kuɗi don su kwana a bukka ba wauta suke yi ba. Akwai hutun da jiki ba ya samu sai inda babu ƙarar janareta.

Amma hutun nawa ne ni kaɗai. Kafin rana ta fito gidan ya watse. Maza sun tafi duba taru da gura, mata sun hura banda, hayaƙi ya turnuƙe bayan gida. A kan tabarmi an shanya warangi, ƙananan kifayen nan masu walƙiya da ake kai wa kasuwanni a buhu. Baba ya ja ni zuwa fangalin albasarsa. Gungawa sun shahara da noman albasa tun kafin a haifi kakanninmu, kuma ganin fangalin ya isa shaida: kowane a daidaice, an bi shi da taki, ruwa na bin ƙananan magudanai daga wani injin ban-ruwa da ke tari a bakin gaɓa. Ya tsuguna ya tone guda da yatsa, ya nuna mini yadda ta fara ɗaura kai, ya mayar da ƙasa ya danna.

A nan ne ya nuna mini wani wuri a tsakiyar ruwa da haɓarsa.

"Ka ga can, inda tsuntsayen nan suke? Garinmu na farko ke nan. Ina yaro aka kwashe mu."

A 1964 aka fara gina madatsar Kainji, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya haɗiye tsohuwar Busa, inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806 bayan ya wuce ta Yauri, ya haɗiye mafi yawan tsibirin Foge, da tsibirai da ƙauyuka masu yawa. Mutane wajen 44,000 aka tayar, Gungawa da Kambari da Lopawa da Shangawa da Busawa da sauransu. An gina musu gidajen siminti a kan tudu. Baba ya ce mahaifinsa ya zauna a nasu na ɗan lokaci, amma ƙasar tudun ba ta san albasa ba, ruwa kuma ya yi nisa. Da suka ga wannan gungun ruwa bai cinye shi duka ba, suka lallaɓo suka dawo.

"Ba su ce za a kawo muku wuta ba, Baba?"

Ya yi murmushi. "Ɗana, wutar ta tafi inda aka yi ta dominsu."

Maganar ta tsaya mini a rai. An kafa wa madatsar injina takwas masu ƙarfin megawat 760 gaba ɗaya. Wutar da ruwan nan ke bayarwa ta haska manyan biranen Najeriya, ta ƙetara iyaka har Yamai. Ni kaina da ita na yi karatun dare ina ɗalibi. Ga mutumin da gonar ubansa da kabarin kakansa ke ƙarƙashin ruwan da ke juya injinan, jikansa na goge faifan sola guda da hannun riga.

Kuma rashin wutar ba a duhun dare ya tsaya ba. Saboda babu ƙanƙara, duk kifin da bai samu jirgin Yelwa da sassafe ba dole ya hau banda, ko da giwan ruwa ce da za ta yi tsada ɗanya. Bandar na cin itace, itace kuma ya yi ƙaranci, sai an sayo daga tudu. Allurar rigakafin yara da maganin saran maciji sanyi suke so, don haka ba sa kwana a gungu. Inna ta ba ni labarin wata jikarta da naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare, aka sa ta a jirgi, ɗaya na tuƙi ɗaya na haska tocila yana neman kututture. Allah ya taimaka aka kai ta da rai. Na san jan waya zuwa kowane tsibiri abu ne mai wuya da tsada. Amma tashar sola ta gari guda, wadda za ta riƙe firji a ɗakin shan magani da ɗakin sanyi na kifi da injin ban-ruwa, ba abin da ya gagara ba ne a yau. An yi ta a ƙauyukan da ba su ba da komai ba. Waɗannan kuwa sun riga sun biya tun 1968.

Na yi tunanin masu yawon buɗe ido ma. Bikin Rigata na tara jama'a a Yauri, a yi tseren jirage da ninƙaya a gaban Sarkin Yauri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, amma da an tashi kowa sai ya kama hanya, ba mai ƙetarawa ya kwana a gungu. Rashin tsaro na da nasa kason, musamman tun sace ɗaliban makarantar Birnin Yauri a Yunin 2021. In Allah ya kawo lafiya aka yi ɗakunan baƙi a tsibiran nan, fatana su zama na Gungawa ne, su gina, su dafa, su karɓi kuɗin da hannunsu.

Ranar da zan koma ta dace da fitar kaya zuwa Yelwa. Tun da sanyin safiya aka jera kwandunan busasshen kifi da buhunan warangi da na albasar fari a bakin gaɓa. Inna ta ƙulle mini kifin banda a takarda, ta ce in kai wa iyali. Aka yi ta lodi har gefen jirgin ya matso kusa da ruwa, masu kaya na ta cewa a ƙara guda, guda kawai. Baba ya shiga ruwa har gwiwa, ya dafa bakin jirgin ya auna da tafin hannunsa, ya girgiza kai.

"A sauke uku."

Aka fara gardama. Bai ɗaga murya ba, ya sa hannu ya fara janye buhu da kansa, kuma nasa ya fara saukewa. Sauran suka yi shiru suka sauke biyu. Ya ce wa mai jirgin ya bi ta gabas saboda iska ta fara tashi, ya kuma dawo da yamma ya kwashi ragowar.