Shinkafa, Daga Asaga Zuwa Japan

Ɗan'uwa mai karatu, kai da kake noman shinkafa a bakin Komadugu, daga Asaga har Difa, ka san tuwonta, ka san masarta. To, yau ina so in ba ka labarin abin da mutanen Japan suke yi da ita.

Japan ƙasa ce mai nisa, can gabas, a tsakiyar teku. Abincinsu shinkafa. Daga cikinta suke yin wata giya mai suna sake. Ni ba na sha, kuma ban ce ka sha ba. Musulunci ya hana. Aikin ne ya ba ni sha'awa.

Da farko sai su surfe shinkafar sosai. Wata ma sai rabin ƙwayar ya tafi a dusa. Manomin da ya kwana korar tsuntsu zai ce wannan ɓarna ce! Sai su wanke ta, su jiƙa, su turara. Daga nan su barbaɗa mata wata irin fumfuna mai suna koji. A ɗaki mai ɗumi take kwana 2. Fumfunar nan ita ke mai da garin ƙwayar ya zama zaƙi. Sannan a zuba ruwa da yis, irin na burodi. Yis ya cinye zaƙin, ya mai da shi giya cikin mako 3 ko 4. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin al'adun duniya da ake kiyayewa.

Amma in ba a sa yis ba, aka bar shinkafa da koji cikin ɗumi dare ɗaya, sai a sami kunu mai zaƙi ba tare da sukari ba. Sunansa amazake. Wannan irin ba ya bugarwa, har yara suna sha.

Ka ga ashe ba baƙon abu ba ne. Dubi matan gidanka in za su yi kunun zaƙi. Tsiron hatsin da suke niƙawa su zuba, aikin koji yake yi. Da tsiron dawa kuma ake yin burkutu. Hanyar ɗaya ce, wurin tsayawa ne ya bambanta.

Don haka kunun da ya daɗe cikin zafin bazara, ya yi tsami, yana kumfa shi kaɗai, ya fara wuce wurin tsayawarsa. Ka shinshina kafin ka miƙa wa yaro.