Kuɗina Ne Ya Kashe Gurbin

A bayan ɗakin girkin gidana da ke Keffi akwai wani akwatin gilashi mai tsawon kamu biyu, wanda uwargida ke zuba albasa a ciki. Duk baƙon da ya tambayi na mene ne, sai in ce na kifi ne a da, in yi maza in jawo wani zancen. Shekara biyar ke nan ina kauce wa ragowar labarin. Yau zan faɗe shi a fili, ko na huta.

Daga wani ofis a Abuja abin ya samo asali. Na je bin wata takarda, aka shanya ni tun hantsi har la'asar. A gefen kujerar jira akwai irin wannan akwati, ruwa garau, 'yan kifaye ja da ruwan ɗorawa suna kai da kawo a tsakanin duwatsu. Ban san sa'ad da fushin jira ya bar ni ba. A hanyar dawowa, muna cikin cunkoson Mararaba, na ƙudurta sai na yi irinsa a falona. Mai yankan gilashi ya haɗa mini akwati, na sayi ɗan injin hura iska, na ɗauko kifi takwas a leda.

Kwana tara suka yi. Aka ɗauke wuta kwana biyu a jere cikin zafin watan Maris, inji ya tsaya, na dawo daga sallar asuba na tarar da su duka ciki sama. Uwargida ta leƙa ta ce, "Malam, da tarwaɗa ka saya da kuɗin nan, da ko romo mun sha." Ban ce uffan ba.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na shiga bincike a waya, na ci karo da abin da ya hure mini kunne: ashe kifayenmu ne ake ɗura wa a leda, a hura musu iska, a ɗora a jirgi daga Legas zuwa Turai da Amurka. Kurungu, gwando, talibambam, har da minjirya da muke gudun taɓawa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wani ɗan kifi da bai kai tsawon yatsa ba, jikinsa shuɗi-shuɗi da ɗigon ja, wanda masu kiwon kifin ado a can suke kiran wani irinsa da sunan Lafiya, wani da sunan Makurɗi, saboda a ƙoramun wuraren aka fara kwaso kakanninsa. Bature a Jamus ya san kifin Lafiya, ni ɗan jihar Nasarawa ban san shi ba. Na ce wa kaina, abin nema yana bayan gida, ina ni ina ba wa 'yan Abuja kuɗi?

A kogin Antau na fara, ni da yaran unguwa da tsohon gidan sauro. Ba mu samu komai ba sai 'yan karfasa masu launin laka. Sai wani abokin aiki ya ce a ƙoramar ƙauyensu yana ganin masu launi tun yana yaro. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don mutanensa ba su yi mini komai ba sai alheri.

Ran wata Asabar na hau babur na tafi. Rani ya yi nisa, ƙorama ta yanke, sai wani gurbi guda a ƙarƙashin itatuwa. Ina tsugunne ina leƙe, ga su kuwa, suna walƙiya a bakin ciyawa. Ina kwance gidan sauro sai na ji sallama a bayana. Wani dattijo ne da sanda, aka ce mini shi ke kula da ruwan.

"Malam, wa ya ba ka izini?"

Na yi 'yar dariya na ce, "Haba Baba, ruwa ai na Allah ne."

Ya ce, "Gona ma ta Allah ce. Ka taɓa shiga ta wani ka karya masara?" Ya nuna gurbin da sanda. "Wannan a rufe yake sai ruwa ya dawo. Duk kifin ƙoramar nan a nan yake fakewa da rani. In ya ƙare a nan, ya ƙare ke nan."

Na ce to, na naɗe gidan saurona, na yi godiya. A zuci kuwa cewa nake tsoho ya cika neman girma. Goma kawai nake so, ƙanana ne, ko a miya ba a sa su. Wa zai san an ɗiba? Kafin in tayar da babur na ja wasu samari uku gefe, na nuna musu hoto a waya, na ce naira ɗari biyu kowane ɗaya in dai da rai. Na bar musu kuɗin mota. A nan laifina yake, ba a wani wuri ba.

Bayan kwana uku suka iso da bokiti, kifi ya fi talatin. Na yi mamakin yadda suke lumui, ka sa hannu ka ɗauka ba gudu. Na biya ina murna. Kafin gari ya waye babu ko ɗaya mai motsi.

Ka ji rashin kunya: komawa na yi da niyyar karɓar kuɗina. Tun ban ƙarasa ba wari ya tare ni. Gurbin ya yi fari fat da cikin kifi, manya da ƙanana, tarwaɗa, karfasa, kwaɗi, har talatalar kwaɗi. Samarin sun ga kama ɗan kifi mai tsalle da gidan sauro aiki ne, sai suka zuba gubar gamalin, suka tsince waɗanda suka fara tasowa suka sa a ruwa mai kyau. Matan da ke ɗiba a nan sun koma wata rijiya mai nisa. Wani Bafulatani na tsaye can gefe da shanunsa, an hana shi shayarwa.

Dattijon yana zaune a kan saiwa. Na yi zaton zagi, har na shirya ba da haƙuri. Ɗago kai kawai ya yi ya ce, "Malam, ka samu na adon?"

Samarin sun sha duka a hannun iyayensu. Ni kuwa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa, saboda ni malami ne daga birni. Na ba da abin da na iya don a yashe gurbin, aka karɓa da godiya. Wallahi da dukana aka yi da ya fi mini sauƙi.

Sai bayan aikin gama ya gama na nemi dokar na karanta, kamar mai neman magani bayan jana'iza. Ashe tun 1992 akwai dokar kamun kifi a ruwan cikin ƙasa, doka ta 108 ta zamanin soja. Ta haramta kamun kifi da guba, da nakiya, da wutar lantarki. Ta ƙayyade faɗin idon raga don ƙanana su tsira, wato gidan saurona ma bai tsallake ba. Ta ba hukuma ikon rufe wani ruwa ko wani lokaci. Ta kuma ce ba a shigo da kifi mai rai ko fitar da shi daga ƙasar nan sai da izinin minista. Ban da tambari da sa hannu, babu abin da ke ciki da dattijon bai gaya mini a tsaye ba. Gamalin kuwa maganin ƙwarin koko ne, kuma sinadarin da ke cikinsa tun 2009 aka sa shi a jerin gubar da ƙasashe suka amince a daina amfani da su. Kakanninmu ma sun san magimfa tana sa kifi maye, suna kuma da sarkin ruwa. A Argungu ba a jefa homa a Matan Fada sai ranar da aka buɗe, kuma da wannan haƙurin ne bikin da ya faro a 1934 yake fitar da giwan ruwan da sai an haɗu ake ɗaga shi.

Abin da ya ƙara sanyaya mini jiki shi ne na gano ba ni na fara ba. A Filifin da Indunusiya masu nutso sun daɗe suna fesa wa kifin teku guba don ya yi laushi su kama shi da rai, a kai wa masu akwatin gilashi a manyan birane. Da yawa sukan mutu a hanya ko bayan 'yan kwanaki, wurin da aka fesa kuma ya lalace. Mai saye yana can a falonsa, hannunsa tas, kamar ni.

A cikin akwatin nawa har da wani farin abu mai rassa da wani ɗan'uwa ya tsinto mini a gaɓar Bahar Maliya da ya je Umra. Dutse na ɗauke shi. Ashe murjani ne, kuma murjani halitta ce mai rai: wasu mitsi-mitsin dabbobi ne ke gina gidan farar ƙasa a kan na iyayensu, wasu irin ba sa ƙara fiye da santimita ɗaya ko biyu a shekara. Mu dai mun san murjani a wuyan amare, amma wancan ja wani iri ne daban. Shi mai gina tudu a teku yana cikin jerin yarjejeniyar CITES ta cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973, Najeriya kuma na cikin ƙasashen farko da suka shiga, har ta yi tata dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa a 1985. Ko a mace yake, tsallake iyaka da shi sai da takardar izini daga ƙasar da aka ɗauko shi. Ɗan'uwana bai sani ba, ya cusa shi a jaka tare da dabino da zamzam. Indunusiya, wadda ta fi kowa sayar da shi, ta taɓa tsayar da fitar da shi gaba ɗaya a 2018, sai a 2020 ta sake buɗewa.

Ba zan wanke hukuma ba. Na taɓa zuwa wani ofis in tambayi yadda mutum zai sami izinin ɗibar kifin ado kaɗan don gida. Wannan ya tura ni wurin wancan, wancan ya ce oga ba ya nan, na ƙarshe ya dube ni ya ce, "Kifin ado kuma? Alhaji, je ka kama abinka mana." Tarar da aka rubuta da kuɗin 1992 yau ko buhun abincin kifi ba za ta saya ba. Na ji haushi a ranar, amma ba ni da bakin magana. Ni an gaya mini baki da baki, na ji, na zagaya ta baya.

Har yanzu in na shiga inda aka ajiye kifin ado nakan tsaya in kalla, son abin bai fita daga raina ba. Wani maƙwabcina ya so ya fara, ya zo neman shawara. Na ce ya sayi wanda aka ƙyanƙyashe a gona, ya tambayi mai sayarwa daga ina ya samo, ya tanadi batir ko sola kafin ya sayi ko kifi ɗaya. Na kuma roƙe shi, ranar da ya gaji da su, kada ya juye a Antau, don baƙon kifi in ya sami wuri na gida ne ke shan wahala. Ya ce na cika tsanani. Na ce ya zauna, na ba shi wannan labarin, shi ne mutum na farko da ya ji.

Bara da rani na koma ƙauyen. Dattijon ya rasu, Allah ya jiƙansa, ɗansa ne ke riƙe da sandar. Na nemi izini kafin in matsa bakin ruwa, ya ce bismilla. Tarwaɗa ta dawo, karfasa ta dawo, kwaɗi na ta kuka. Na tsugunna a bakin ciyawa kusan sa'a guda ina neman masu ɗigon ja. Ɗan dattijon ya ce in daina wahalar da idona, tun waccan shekarar ba wanda ya sake ganinsu.