Bokiti guda ya ishi mota

Yau zancen wankin mota na kawo muku, kuma ina roƙon kada ku raina shi, domin a Agadas duk maganar da ta taɓa ruwa babbar magana ce.

Ni ma'aikaci ne, na yi shekaru ina tarin kuɗi kafin Allah ya hore mini wata tsohuwar Toyota. Kowace Lahadi wani yaron unguwarmu yakan zo ya wanke ta a ƙofar gida da jarka 4 ta ƴan ga-ruwa, kowace mai cin lita 25. Lita 100 ke nan rairayi yake shanyewa, ni kuwa ina zaune ina shan shayi, ina jin na kai mutum.

Wata Lahadi cikin watan Mayu, ana tsakiyar bazara, famfon unguwa ya kwana 3 bai ɗiga ba, sai ga wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta dawo daga neman ruwa da bokiti babu kome. Ta tsaya tana kallon kumfa tana malala, sannan ta ce: "Ɗana, ina kwana? Motar taka sha take yi?" Na ce: "A'a, Inna, wanka ake yi mata." Ta ce: "To, madalla, ta fi jikokina gata." Ta wuce abinta. Ran nan shayin bai ƙara shiga bakina ba.

Kun sani, ruwan saman da muke samu a shekara da wuya ya wuce milimita 150, kuma galibinsa tsakanin Yuli da Satumba yake sauka. Abin da muke sha daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi. Ga gari yana ta bunƙasa, balle tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, motocin Hilux da Land Cruiser suka ƙaru. Abzinawa suna cewa "aman iman", watau ruwa shi ne rai, kuma masu ayarin gishiri zuwa Fashi da Bilma da ruwan salka suke ƙetare Tenere, ba mai zubar da ko kurɓi guda. A irin wannan gari ne nake yi wa ƙarfe wanka da lita 100.

Dabarata ta farko ta jawo mini hasara. Na ce wa yaron ya riƙa goge motar da busasshen tsumma. Kafin wata guda, murfin injin ya cika da zane-zane kamar an bi shi da ƙaya. Rashin sani ya fi dare duhu: ashe ƙwayar rairayi ta fi gilashi tauri, in tsumma ya ja ta bisa fenti, kankare shi take yi.

Wani ɗan'uwana ɗan kasuwa mai zuwa Kano shi ya fid da ni. Ya kawo mini tawul 8 na maikurofaiba da kwalbar wani ruwan wanki wanda ba ya bukatar ɗauraya. Irin wannan zare a Japan aka fara yin sa wajen 1970, da poliyesta da nailan ake saƙa tawul ɗin, kuma zaren ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Shi ya sa yake ɗauke ƙura ya riƙe ta a cikinsa. Ruwan wankin kuma santsi yake sa wa datti, har ya rabu da fenti ba tare da ya karce shi ba.

Ga yadda muke yi. A zuba lita 8 a bokiti, a sa cokali 2 na ruwan wankin, wajen mililita 30, a tsoma tawul 6. A fara fesa wa motar kaɗan daga wannan ruwa don ƙura ta jiƙa. A ninka tawul gida huɗu, sai ya ba da fuska 8. Kowace fuska shafa ɗaya, a hankali, daga rufi zuwa ƙasa, sashe bayan sashe, a bi da busasshen tawul. Wanda ya yi datti ba ya komawa bokiti. A yi aikin a inuwa, da sassafe ko bayan la'asar, domin ranar Agadas ba ta jira. In an haɗa da wankin tawul ɗin, duka ba mu kai lita 15.

Amma a faɗi gaskiya, dabarar tana da iyaka. Motar da ta dawo daga hanyar Arlit da rairayi jibge, ko wadda ta kwashi laka da damina, sai an fara zuba mata ruwa sosai. Wanda ya yi rowar ruwa a nan, fentinsa zai biya.

Yaron ya tambaye ni cikin damuwa: "Maigida, ruwa ya ragu, kuɗina ma zai ragu?" Na ce masa a'a, aikinsa nake biya. Mai ga-ruwa ma bai rasa cinikinsa ba, domin har yau jarka 4 nake saye ranar Lahadi: ɗaya ta tsaya gidana, 3 su wuce gidan Inna.

To, ƴan'uwana ma'aikata, ku lissafa motocin da ake wankewa kowace safiya a harabar ma'aikatunmu. Ku kuma ƴan kasuwa masu zuwa Kano da Yamai, ga haja mara nauyi wadda garinmu yake bukata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu san darajar abin da ke cikin tulunmu. Sai mako mai zuwa, in muna da rai.