Takobin Bayajidda da darasin dalma

 Da yawa cikinku kun turo saƙo kuna tambaya a kan takobin nan mai haske da yaranmu suka riƙe a wasan kwaikwayon hutun lakwal. Wasu sun ce daga Dubai aka kawo shi, wani ma ya rantse wai a bidiyo aka ƙara masa hasken. To, ba ko ɗaya. A nan gida aka haɗa shi, kuma mu ɗin nan da kuka saba ji a gaban mikro, mu muka liƙe wayoyinsa da hannunmu.

Wasan na Bayajidda ne. Kowa ya san labarin: baƙo ya iso Daura da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, aka ce macijiya ta hana ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Ya tafi cikin duhu ya sare kanta. Damuwarmu ita ce duhun nan. A fili za a yi wasan bayan sallar isha'i, ba fitilun dandali, kuma idan na baya ba su ga saran ba, wasa ya mutu. Takobin ƙarfe kuwa ba abin miƙa wa yaro ɗan shekara 14 ba ne a tsakiyar taro. Abin da ƙungiya ta tara bai kai jika goma ba, kwana 20 suka rage. Sai muka ce mu yi na roba, mu sa masa haske daga ciki.

Kayan ba su yi wuyar samu ba. Ruwan takobin, murfin roba ne na dogon ƙwan LED da ya mutu, mai santimita 120, muka yanke shi ya koma 80. A kula, na roba muke nufi. Tsohon neyon na gilashi akwai zaiba a cikinsa, ba a fasa shi. Muka sa siririn katako a ciki, muka tsinto ƙananan ƙwayayen LED guda 20 daga matattun tocila. Ƙaramin batirin cajin waya mai volt 5 zai zauna cikin ƙota, tare da makunni. Saura haɗawa, kuma a nan bakinmu ya mutu, don a cikinmu ba wanda ya taɓa riƙe ƙarfen liƙi, wanda masu sana'ar ke kira fer.

Muka nufi wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwa, muka ce Baba, nawa za ka haɗa mana? Ya ƙirga: kowane ƙwai da rezistans ɗinsa, wuri uku ake liƙewa, sau 20 ya zama 60. Ya ce, "Yarana, ni ba ni da lokacin liƙi sittin, ga rediyon mutane jibge. Amma in za ku zauna, sai in nuna muku." Muka zauna a benci.

Abu na farko da ya tambaya shi ne wane rezistans za mu sa. Nan ne wani abu da muka haddace tun muna kwaleji ya faɗo mana: U = R × I, dokar Ohm, wadda muka rubuta a kaye sau ba adadi don tsoron BEPC. Farin LED yana son kamar volt 3 da miliampiya 20. Batiri na ba da volt 5, saura 2 ke nan. Raba 2 da 0,02, ya ba ka ohm 100. Baba bai taɓa alƙalami ba. Ya tona wani gwangwanin madara, ya fito da ɗan rezistans mai zobe ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa, ya ce wannan ne. Ohm 100 ne cif. Mu muna da lissafin ba mu taɓa ganin abin ba, shi ya shekara da shekaru yana sa abin bai taɓa rubuta lissafin ba. Ya yi dariya, ya ce ashe lakwal ɗin taku tana da rana.

Daga nan sai liƙin kansa. Wayar da ake narkarwa, wadda suke kira eten, gami ce: kuza kashi 60, dalma kashi 40, tana narkewa a wajen digiri 190. Bakin fer kuwa yana wuce digiri 300. A tsakiyar wayar akwai ƙaron itace, shi ne ke yin hayaƙin nan, aikinsa ya share dattin da iska ke bari a kan tagulla don dalma ta kama. Baba ya ɗauki waya biyu ya yi mana liƙi iri biyu. Na farko, ya narka dalma a bakin fer ya ɗiga ta a kan wayoyin. Ta tsaya kamar ƙwallo, ba sheƙi. Ya ja kaɗan, ta rabu. Na biyu, ya ɗora bakin fer a kan wayoyin biyu tare, ya ƙirga ɗaya, biyu, sannan ya taɓa eten a jikin wayar, ba a jikin fer ba. Sai ta kwarara da kanta ta shige tsakanin silin tagulla, ta daskare tana ƙyalli. Ya miƙo mana ya ce mu ja. Wallahi waya ta kusa tsinkewa, liƙin bai motsa ba.

Ya ce duk sana'ar ke nan: abubuwan da kake son haɗawa su za ka ɗumama, dalma bin zafi take yi. Sauran ƙa'idojin ƙanana ne, amma ba a tsallake su. Goge bakin fer a jiƙaƙƙen soso, ka shafa masa ƴar dalma kafin ka fara. Kada ka wuce daƙiƙa uku a ƙafar LED, zafi na kashe shi. Doguwar ƙafa ita ce ta plus, in ka juya ba zai kama ba. Kada ka motsa liƙi kafin ya huce. Kuma kada ka kuskura ka ɗora fer a jikin batirin litiyom, yana iya kama wuta. Shi ya sa muka yanke tsohuwar wayar caji ta USB, muka ɗauki ja da baƙa, muka bar batirin yadda yake.

Kwana uku muka yi muna koyo a kan matattun wayoyi kafin ya bari mu taɓa ƙwai ko ɗaya. Ranar da aka ɗauke kuran, muka fara tattara kaya, sai ya jawo kaskon gawayi da wani tsohon fer mai kan tagulla, ya tura shi cikin garwashi. Ya ce da wannan ya koya. Aka ci gaba.

Akwai maganar da ya nanata, mu ma za mu nanata muku: dalma guba ce. A 2010, nan Zamfara kusa da Maradi, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a gidaje ta kashe yara sama da 400. Ƴar wayar liƙi ba ta kai wannan ba, amma ba a sa ta a baki, ba a cin abinci kafin a wanke hannu da sabulu, ba a aiki a rufaffen ɗaki, kuma ba a barin gutsattsarin a inda yara ke rarrafe. Don haka yaran wasan ba su taɓa liƙin ba, sun dai taya mu gwada ƙwayaye.

Liƙi 60 ya ci mana yammaci biyar. Muka rufe kowane da ƴar roba don kada wayoyi su haɗu, baduku ya naɗe ƙotar da jar fata. Ƙwai 20 suna jan miliampiya 400, batirin yana riƙe su kusan awa uku, wasan kuma awa ɗaya ne. Gwajin gaske shi ne sara: takobin ya sha girgiza a atisaye kwana bakwai, ya faɗi ƙasa sau biyu, ƙwai ko ɗaya bai mutu ba.

A labarin Bayajidda akwai wurin da masu ba da labari kan wuce da sauri: kafin ya iso Daura, sai da ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa makaminsa. Mun ƙara wannan fitowar a wasan, kuma yaro biyu suka yi rigima a kan wa zai fito a maƙeri.

Kiranmu ga malaman fizik na kwaleji da lise: fer ɗaya, eten kaɗan da matacciyar tocila sun isa yaro ya ga dokar Ohm da idonsa. In ba kayan a lakwal, masu gyaran rediyo da salula suna nan a kowace kasuwa, daga Dole ta Damagaram har babbar kasuwar Maradi. A gayyato su aji, a ba su kujera, a biya su ladan lokacinsu. Iyaye kuma, in yaro ya ce zai je wurin mai gyara a lokacin hutu, a bar shi, a dai tabbatar yana wanke hannu.

Wanda ya san wani gwani a unguwarsu da zai yarda ya koyar, ya sanar da mu, za mu kai masa mikro. Allah ya sa albarka a sana'ar kowa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.